Birnin Sakkwato: Ƙiba Ce Ko Kumburi?

Duk wanda ya san birnin Sakkwato shekara ashirin da suka wuce, in ya shige shi yau sai ya nemi ɗan jagora. Filayen da ake shuka gero da wake a bayan gari sun zama unguwanni, ginin bulo yana bin ginin bulo ta wajen Arkilla da Bado da Kwannawa da More, har birnin ya tsallake iyakar ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, ya kutsa cikin Wamakko da Dange-Shuni da Kware. Mutane da yawa sukan dubi wannan su ce madalla, gari ya ci gaba. To, amma mu da muke gabashin jihar, a ƙasar Sabon Birni da Isa, mun san gidajen da aka garƙame da kwaɗo kafin waɗansu daga cikin unguwannin nan su cika. Shi ya sa nake so, ya ku 'yan'uwa masu karatu, mu tsaya mu tambayi kanmu: wannan girma da babban birninmu yake yi, ƙiba ce ko kuwa kumburi?

Iyayenmu mata sun san yadda ake rarrabe waɗannan biyu. In yaro ya yi jiki farat ɗaya, uwa takan danna ƙafarsa da yatsa. In wurin ya lotsa bai dawo ba, ta san ciwo ne, sai neman magani. Shi ma birni akwai inda ake danna shi a gane lafiyarsa, wato wajen aikin yi. Idan mutane suna ƙaruwa, aikin da zai ciyar da su kuma yana ƙaruwa tare da su, wannan ƙiba ce. Idan kuwa bakuna ne kawai ke ƙaruwa, ƙwaryar tuwon tana nan yadda take, to, kumburi ne. Ra'ayina shi ne, kaso mai yawa na girman Sakkwato a 'yan shekarun nan kumburi ne, kuma ciwon da ya kawo shi yana can ƙauyukanmu na bakin iyaka. Wanda ke son lafiyar birnin, can zai fara kai magani.

Bari mu soma da abin da aka rubuta. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba jihar Sakkwato mutum 3,702,676. Ƙananan hukumomi biyu na cikin birni sun tashi da mutum sama da 400,000 a haɗe, Sabon Birni tana da sama da 200,000, Isa kuma kusan 150,000. Tun daga wannan shekara ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗaga ta aka yi. Ke nan yaron da aka haifa a shekarar ƙidayar ya zama saurayi mai neman aiki, amma har yanzu da wancan tsohon lissafi ake tsara masa makaranta da asibiti da ruwan sha. Magidancin da bai san yawan mutanen gidansa ba, yaya zai san mudu nawa zai auno?

Asalin girman Sakkwato sananne ne. Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, ya zama cibiyar daula da ilimi. Turawa suka ci shi a 1903, suka mai da shi hedkwatar lardi. A 1967 ya zama babban birnin Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 na jihar Sakkwato, kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. An kafa jami'a a 1975, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Usmanu Danfodiyo, ga asibitin koyarwa, ga kwalejoji, ga barikin soja. Mai karatu zai lura cewa kusan duk waɗannan abubuwa na mulki ne da ofis da makaranta. Layin dogo, wanda ya tayar da garuruwa irin su Gusau da Funtuwa, ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929, bai taɓa ƙarasawa Sakkwato ba. Don haka birnin ya girma ne a kan albashi fiye da a kan abin da yake ƙerawa ya sayar wa na nesa.

Akwai kuma haihuwa, wadda ba za a manta da ita ba. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa mace a shiyyar Arewa maso Yamma takan haifi 'ya'ya sama da 6 a rayuwarta, alhali matsakaicin ƙasar baki ɗaya 5.3 ne. Ko da ba wanda ya shigo daga waje, birnin zai ci gaba da cika da 'ya'yansa na cikin gida. 'Ya'ya kyauta ce daga Allah, babu mai musun wannan. Sai dai kowane jariri da aka yi wa suna bana, nan da shekara 15 zai miƙo hannu yana neman abin yi, kuma wajibi ne a tanada masa tun yanzu.

Hanya ta uku da birnin ke cika ita ce ta fi damuna, domin ita ce ta shafe mu kai tsaye. Fita neman kuɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gobir. Kakanninmu 'yan ci-rani ne. A ranin 1952 zuwa 1953 an tsaya a mashigai ana ƙirga masu fita daga Lardin Sakkwato, aka sami kimanin mutum 250,000, har da waɗanda suka ratso daga Nijar, kamar yadda wani Bature masanin ƙasa mai suna Mansell Prothero ya rubuta. Amma ci-rani yana da ƙa'ida. Sai an gama girbi, an cika rumbu, sannan namiji ya ɗauki tabarmarsa ya tafi, ya bar mata da yara da tsofaffi a gida da abincinsu. Yana rage wa rumbu baki ɗaya, yana kuma nemo kuɗin haraji da na sutura. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ka ga motoci suna sauke su a tasha, kowa ya nufi gonarsa. Birni ya sami hannun aiki na wata biyar, ƙauye ya sami kuɗi, ba wanda ya cuci wani.

Abin da muke gani tun wajen 2019 wani abu ne dabam. Yanzu gida ne gaba ɗaya yake tashi, har da tsohuwa da jariri da akuyar da ta rage, kuma sau da yawa a tsakiyar damina, an bar gero ya kai gwiwa a gona. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka faɗa wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa a ƙasar Sabon Birni, aka rasa rayuka sama da 70. A wannan watan ne Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum 23,000 sun tsallaka Nijar daga Sakkwato da Zamfara da Katsina cikin watan Afrilu kaɗai. A Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka mutu. A Disamba na wannan shekara aka tare wata motar fasinja a Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutanen ciki, 'yan sanda suka ce mutum 23 ne suka ƙone, kuma matafiya ne da suka baro gida suna neman inda za su tsira. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, aka kashe shi a watan Agusta. In sarki bai tsira a kan hanya ba, ina ga talaka mai buhun albasa?

Bayan kisa akwai kuma kashe sana'a. Ƙauyuka da dama sun biya 'yan bindiga haraji kafin a bar su su yi shuka, suka sake biya kafin a bar su su yi girbi. An kore shanun huɗa da raƙuma. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha, da nufin toshe wa ɓarayin hanyar samu, ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Niyyar mai kyau ce, amma wanda ya fi jin jiki shi ne ɗan kasuwa da mai kiwo da mai jiran ɗansa ya turo masa kuɗi ta waya. Mutumin da aka raba shi da gonarsa da dabbarsa da kasuwarsa, me ya rage masa in ban da ya nufi birni? Waɗansu suka yi Maraɗi, waɗansu Kano da Kaduna da Ikko, masu yawa kuma suka sauka Sakkwato, a gidajen dangi, da kangaye, da gine-ginen da ba a ƙarasa ba.

Ana cewa baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya bushe. Wannan raɓa ta kwana shekaru ba ta bushe ba. Yaran da aka shigo da su a goye sun isa shiga makaranta, kuma ba su san hanyar gonar ubansu ba. Saboda haka ya kamata mu daina maganarsu kamar waɗanda suka zo kwana biyu, mu tambaya: wane aiki birnin yake da shi da zai ba su?

Babbar masana'antar da Sakkwato ke tinƙaho da ita ita ce ta siminti a Kalambaina, wadda aka kafa a 1962, ta fara aiki a 1967. Tana hannun kamfanin BUA, an ƙara mata sabon layi mai tan miliyan 1.5 a 2018, da wani mai tan miliyan 3 a 2022. Wannan abin farin ciki ne, ya kuma nuna cewa ana iya zuba babban jari a jiharmu a ci riba. Amma injin siminti na zamani ƙarfe ne ke yin yawancin aikinsa, kuma waɗanda yake ɗauka masu takarda ne da masu horo. Manomin da ya baro Gatawa ko Tsamaye da shekara 40 a duniya, ba shi da gurbi a nan, sai dai ko lodi a bakin ƙofa. Aikin gwamnati kuwa, wanda ya yi digiri ma yana gida yana zaman kashe wando, balle wanda bai gama firamare ba.

Abin da ya rage shi ne abin da kowa ke gani a bakin titi: kabu-kabu, tura kurar ruwa, dako a Tsohuwar Kasuwa da Kara, leburanci a wurin gini, gadi, yankan farce, wankin takalmi, tallan rake, jari-bola. Mata kuma aikatau da wankau da surfe, in duk an rasa sai bara. Ba na raina ko ɗaya daga cikin sana'o'in nan, duk wanda ya ci guminsa ya fi ƙarfin raini. Amma mu dubi yadda kuɗin ke yawo. Ƙarshen wata kaso ya zo daga Abuja, a biya ma'aikata, ma'aikaci ya je kasuwa, ya hau babur, ya sayi ruwa, ya biya mai wanki. Ke nan duk waɗannan sana'o'i daga ƙwarya guda suke ci. In masu babur goma ne a bakin tasha suna raba fasinja, gobe suka zama talatin, fasinjan bai ƙaru ba, rabon kowa ne ya ragu. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 nan take, ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ma'aikaci ya rage hawa babur, mai babur ya rage cefane, mai tallan kayan miya ta koma gida da kayanta.

Wani zai ce ai alƙaluman gwamnati sun nuna rashin aikin yi ya ragu. Gaskiya ne cewa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 33.3 cikin 100 ne ba su da aiki a ƙarshen 2020, sannan ta ce kashi 4.1 ne a farkon 2023. Amma ma'aunin aka canja. A sabon lissafi, wanda ya yi aikin awa guda a mako ya sami ɗan abin da ya samu, an sa shi cikin masu aiki. Wannan hukumar dai ita ce ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan, aikin da ba shi da rajista ko takardar ɗauka suke yi. Ita ce kuma ta sa jihar Sakkwato a kan gaba wajen talauci a bincikenta na 2019, da kashi 87.7 cikin 100, lokacin da na ƙasa baki ɗaya yake kashi 40. A 2022, da aka auna talauci ta fuskar ilimi da lafiya da muhalli da aikin yi, jihar ta sake zuwa ta farko da kusan kashi 91. Talakanmu ba rago ba ne, daga asuba har dare yana kan ƙafarsa. Aikin ne ba ya ciyarwa, hannu baka hannu ƙwarya.

Yana da kyau mu leƙa Kano, domin ta riga mu bin wannan hanya. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, gyaɗa ta kawo kuɗi, daga baya aka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa da masaƙu da majemu da kamfanonin mai da na robobi. A wancan zamani ɗan ƙauye yakan shiga Kano ya sami aikin wata, ya yi aure, ya sa 'ya'yansa makaranta. Wannan ita ce ƙiba. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, ga rashin wutar lantarki, ga atamfar waje mai araha da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. Masana'antu da yawa suka rufe, amma mutane ba su daina zuwa ba, har ƙidayar 2006 ta sami kimanin mutum miliyan 2.8 a ƙananan hukumomi takwas na birnin. Waɗanda da za su tsaya gaban injin saƙa suka hau acaɓa, da aka hana acaɓa a Janairu 2013 suka koma A-daidaita-sahu. Duk da haka Kano tana da Dawanau da Kantin Kwari da sauran majemu, wato tana da abin da take sayar wa duniya. In Kano mai wannan jari ta ji jiki haka, ina ga Sakkwato? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da mazauna birni ba su cika tunawa ba shi ne, cikin Sakkwato a ƙauye yake. Geron da ake dama fura da shi, da waken, da albasar, da tattasan, da ragon suna, daga fadamun Rima da Bunsuru da Gagare da tudun da ke kewaye da su suke fitowa. Duk manomin da ya bar gonarsa ya dawo birni, hasara biyu aka yi: an rasa buhunan da yake kawowa kasuwa, an kuma ƙara mai layin sayen mudu. Ruwan famfon birnin ma ya dogara da madatsar Goronyo, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, wadda a 2018 ta janye har ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma, hankalin kowa ya tashi. Haka kuma cinikin birnin yana numfashi ne ta iyakar Illela da Ƙonni. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kowane karo kuma 'yan kasuwar Sakkwato sun ji a aljihunsu. Birni da ƙasar da ke kewaye da shi jiki ɗaya ne, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Na san akwai masu cewa yawan jama'a arziki ne, babu birnin da ya taɓa girma ba tare da baƙi ba. Na yarda da su. Taron mutane yana kawo kasuwa, yana sa gina makaranta da asibiti da jan ruwa su yi sauƙi fiye da a ƙauyukan da ke warwatse. Amma jama'a tana zama arziki ne in tana da lafiya da sana'a da kayan aiki. Wanda ya shigo birni da jari da shiri, da wanda ya shigo da gudu ba ko takalmi, ba ɗaya suke ba. Akwai kuma masu cewa a kwashe su a mai da su garuruwansu, sun cika mana titi da bara. Su kuma ina tambayarsu: a mai da su wurin wa? Babu manomin da ke son kwana a kango alhali yana da ɗaki da rumbu a gida. Ran da hanya ta yi lafiya, ba sai an kawo mota ba, da ƙafarsu masu yawa za su koma. Kafin wannan rana, korarsu zalunci ne a kan zalunci.

To, mene ne abin yi? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka ga shawarata ga hukuma da jama'a.

Na farko, a ɗauki tsaron gabashin Sakkwato a matsayin babban aikin raya tattalin arzikin birnin kansa. Gadar sama da fitilun titi suna da kyau, an kuma ƙaddamar da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068 daga Illela a Oktoba 2024. Amma hanyar da ta fi kusa da tukunyar mutumin Sakkwato ita ce wadda ta bi Achida da Goronyo zuwa Sabon Birni, da wadda ta ratsa Marnona zuwa Isa. Ma'aunin nasara mai sauƙi ne: manomi ya je gona ya dawo bai biya kowa ba, motar kasuwa ta tashi da asuba ba rakiya. Duk ƙauyen da aka zaunar lafiya, an rage wa birni ɗaruruwan masu neman abin da babu.

Na biyu, a san yawansu. Ba sai an jira ƙidayar ƙasa ba. Masu unguwanni da hakimai sun san kowane kango da wanda ke kwana cikinsa. A rubuta su, da garin da suka fito, da sana'ar da suka iya, da yawan yaransu. Za a tarar cewa cikin waɗanda ake kira mabarata akwai maƙera da magina da majema da masu noman rani da suka fi kowa sanin albasa. Ma'aikata ne da aka raba da kayan aikinsu.

Na uku, a kafa aiki a kan abin da Allah ya riga ya ba mu. Jar akuyar Sakkwato, fatarta ce aka riƙa ketare hamada da ita ana sayarwa a Turai da sunan fatar Maroko. Har yanzu yawancin fatunmu ɗanyu suke barin jihar, wasu su jeme, wasu su ɗinka takalmi da jaka, mu sayo da tsada. Albasa kuwa, kowace shekara manomi yana sayarwa da arha a kaka don tsoron ruɓewa, ko ya zuba a rudu ya yi ta addu'a. Majema da ɗakunan ajiyar albasa da injinan busar da ita da na casar shinkafa ba su kai kamfanin siminti tsada ba, amma sun fi shi cin hannun mutane, kuma irin hannun da muke da shi. Abin da suke bukata shi ne wutar lantarki tsayayya, da bashi mai sauƙi, da fili. Haka nan filayen noman rani da ke ƙarƙashin madatsar Goronyo da fadamun kusa da birni, a ware wa waɗanda aka kora daga gonakinsu wani kaso na aro, su noma abin da za su ci su sayar.

Na huɗu, yara. Yaron da ya tashi a kango, ba gona, ba makaranta, ba sana'a, yana kallon masu motoci suna wucewa, nan da shekara goma ba roƙo zai yi ba. Waɗanda suka addabe mu a daji yau, jiya yara ne da ba wanda ya kula da su. A buɗe wa 'ya'yan 'yan gudun hijira makarantun gwamnati ba tare da neman takardar da suka baro a cikin wuta ba, a kuma haɗa karatun da koyon sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na ƙarshe ya shafe mu, 'yan'uwa, musamman ikilisiyoyin da ke cikin birni. A cikinmu akwai kafintoci da makanikai da teloli da masu walda da masu shaguna. Buhun shinkafar da muke rabawa yana ƙarewa cikin mako, amma in kowane mai sana'a ya ɗauki yaro guda ya koya masa, ba tare da tambayar addininsa ko ƙabilarsa ba, ya ba shi abin da zai ci har tsufa. Zumuntar mata sun san adashi, suna iya jawo gwauruwa guda su ba ta jarin ƙosai ko ƙuli-ƙuli. Wanda kuma ya ɗauki ɗan gudun hijira aikin gini ko gadi ko aikatau, ya biya shi cikakken haƙƙinsa a kan lokaci, kada ya ce ai ba shi da zaɓi. Cin gumin wanda ba shi da mai tsaya masa, shi ma wani fashi ne, ko da ba a riƙe bindiga ba.

Sakkwato za ta ci gaba da girma, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ke hannunmu shi ne irin girman da za ta yi. In aka bar Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah suka zama kufai, birnin zai wayi gari da jama'a mai yawa, abinci kaɗan, aiki kaɗan, kuma katangar gidan kowa ba za ta yi tsawon da za ta kare shi ba. In kuwa aka zaunar da ƙauye lafiya, aka sa hannuwan da suka shigo birni aikin da ke haifar da dukiya, to, jikokinmu za su ga birnin da ya yi ƙiba ta gaskiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba shugabanninmu hikima da tausayi, ya mai da kowane mai gudun hijira ɗakinsa lafiya, ya ba ƙasarmu salama. Amin.